Homon a Kayan Ƙudan Zuma: Wanne, Nawa, Kuma da Me Aka Auna?

Duk mai bin tallar kayan ƙudan zuma ya saba da wata magana: wai bincike ya tabbatar akwai sinadarin homon, irin wanda jiki ke aika saƙo da shi tsakanin sassansa, a madarar sarauniya, ko a garin fure, ko a ruwan tsutsar mazan ƙuda, saboda haka suna ƙara wa namiji ƙarfi, suna daidaita wa mace al'ada, suna kawo haihuwa. Rabin farko na maganar yana da ƙamshin gaskiya, domin akwai masu binciken da suka ce sun gani. Inda gizo ke saƙar shi ne wurin da aka ɗaura rabi na biyu. Tsakanin "an samu" da "yana aiki a jikin mutum" akwai tafiya mai nisa, kuma yawancin tafiyar a kan teburin ɗakin gwaje-gwaje ake yin ta, tun kafin a kunna na'urar awo.

Ba a banza mutane suka yarda da wannan zance ba. Ƙwai iri ɗaya ne ke fitar da sarauniya da ma'aikaciya, abinci ne ke raba su. Tsutsar da aka yi ta ɗura wa madarar sarauniya, wannan farin abu mai kauri da tsami da ƙananan ma'aikata ke fitarwa daga kawunansu, takan zama sarauniya cikin kwana 16, ta rayu shekaru, ta yi ƙwai da kan kai 2000 a rana idan fure ya wadata. 'Yar'uwarta kuwa sai ta yi kwana 21 kafin ta fito, ba ta haihuwa, kuma makonni kaɗan take yi a lokacin aiki. Wanda ya ga wannan dole ya ce akwai wani sirri a cikin madarar. Akwai kuwa, sai dai sirrin na ƙuda ne.

Abin da ake tarawa a ƙarƙashin sunan homon a nan gida uku ne, ko huɗu, kuma ba su haɗa dangi ba. Na farko homon ƙudan kansa. Akwai homon ƙuruciya, wanda ke hauhawa a jikin tsutsar da za ta zama sarauniya, akwai kuma homon saɓa, wanda ke sa tsutsa ta tuɓe fata ta shiga mataki na gaba. A jikin ƙudan zuma babban homon saɓa shi ne makisteron A. Dalilin haka abin sha'awa ne: ƙwari ba sa iya ƙera tushen homon saɓa da kansu, daga abinci suke samu, shi kuma ƙudan zuma daga garin fure yake ɗebo nasa, ya gina homon ɗinsa a kai. Waɗannan suna juya rayuwar amya gaba ɗaya, amma jikin ɗan Adam ba da su yake aika saƙonninsa ba.

Gida na biyu na tsirrai ne, kuma nan ne labarin ya fi armashi. A 1979 masu bincike na ma'aikatar gona ta Amurka suka fitar da wani sinadari daga garin furen wata shuka mai mai, dangin kabeji, wanda ƙudan zuma suka tattaro. Sun sarrafa tarin kilogiram na garin kafin su samu 'yan miligiram kaɗan. Sunansa birasinolayid, kuma shi ya buɗe ƙofar sanin wani rukuni guda na homon tsirrai. Akwai kuma asid absisik, homon da shuka ke amfani da shi wajen rufe ƙofofin ganyenta idan fari ya matsa, wanda ke biyo ruwan fure ya shiga zuma. Sai sinadaran launi da ke cike da danƙon amya, wato furofolis, waɗanda wasunsu ke ɗan kwaikwayon homon mata idan aka gwada su a kwalba.

Gida na uku shi ne wanda 'yan talla ke so: testosteron na maza, estiradiyol da furojestaron na mata, irin waɗanda jikinmu ke yi. A 1984 Vittek da Slomiany suka wallafa cewa sun ware wani abu daga madarar sarauniya da ya yi halin testosteron a gwaje-gwajensu, kuma adadinsa a matakin nanogiram yake a kowane giram. An kuma ba da rahoton irin waɗannan sinadarai a tsutsar mazan ƙuda, wadda Nicolae Iliesiu ya mayar da ita hajar kasuwa a Romaniya da sunan Apilarnil. Na huɗu baƙi ne: bisfenol A daga robar da aka zuba zuma, da magungunan ƙwari irin su fenoksikab da firifuroksifen, waɗanda da gangan aka ƙera su don su kwaikwayi homon ƙuruciya su hana ƙwaro girma.

To, mene ne nanogiram ɗaya a giram? Kashi ɗaya ne cikin biliyan. Ka ɗauki giram ɗaya na gishiri, abin da bai cika rubu'in cokalin shayi ba, ka watsa shi cikin gero tan 1000, lodin tirela fiye da 30, sannan a ce ka nemo shi ka faɗi nauyinsa. Aikin ke nan. Kuma abin da za a tsamo shi daga ciki ba ruwa ne garai ba. Zuma kusan kashi 80 cikin 100 sukari ce. Madarar sarauniya kusan kashi biyu cikin uku ruwa ne, sauran furotin da sukari da kitse. Furofolis kusan rabinsa ƙaro ne, da kaki mai yawa. Garin fure kuma kowace ƙwayarsa tana cikin wani ɓawo mai taurin da kan shekara dubbai a ƙasa bai ruɓe ba, sai an fasa shi da niƙa ko da girgizar sauti kafin abin da ke ciki ya fito. Hanyar da ta yi wa zuma daidai ba za ta yi wa furofolis ba, ko kusa.

Ga yadda abin yake a kan tebur idan zuma ce. Mai gwaji zai auna giram biyar, misali, ya narkar da ita a ruwa mai ɗan tsami. Kafin ya yi komai sai ya ɗiga mata wani adadi sananne na tagwayen sinadarin da yake nema, wato testosteron ɗin da aka canja wa wasu ƙwayoyin haidurojin da masu nauyi, zan dawo kan amfaninsa. Sai ya ɗauko wani ɗan bututu kamar sirinji marar allura, cike da farin gari mai son maiƙo, wanda aka fi sani da C18. Ya jiƙa shi da metanol, ya bi da ruwa, sannan ya bar ruwan zumar yana sauka a hankali, ɗigo-ɗigo. Sukari mai son ruwa ne, sai ya wuce. Homon mai son maiƙo ne, sai ya maƙale. A wanke da ruwa har danƙon ya tafi, a zuba metanol kaɗan ya kwaso abin da ya maƙale, a busar da shi da iskar naiturojin har sai ƙasan kwalbar ya zama kamar ba komai, sannan a sake narkar da wannan "ba komai" ɗin a cikin ɗigo kaɗan. An rabu da sukari, an kuma tattara abin da ake nema a wuri ƙarami.

Sai dai C18 ba ya tambayar sunan kowa. Duk mai maiƙo nasa ne: sinadaran launi, kaki, kitse, ƙamshin fure. A zuma da sauƙi. A furofolis kuwa abin da zai fito ruwan kasa ne mai kauri, wanda idan aka tura shi na'ura sai an yi kwanaki ana wanke ta. Shi ya sa ake fara cire kaki, ko dai a sa samfurin a firiza kakin ya daskare a tace, ko a wanke da heksen. Kowane mataki kuma yana cin nasa rabon daga abin da ake nema.

Akwai hanyar sauri da Anastassiades da Lehotay da abokan aikinsu suka fito da ita a 2003, QuEChERS, don neman ragowar maganin ƙwari a kayan lambu. A girgiza samfur da asitonaitiril da gishiri, ruwan ya rabu biyu, a ɗebi na sama a zuba masa garin da ke tsotse datti. Tana da arha, kuma ɗakunan gwaji da yawa sun ɗauke ta zuwa zuma. Amma duba tarkon da ke ciki. Ɗaya daga garin tsotsar, PSA, aikinsa kama asid, ga shi kuma asid absisik asid ne. Wanda ya yi amfani da shi yana neman homon tsirrai ya zubar da abin da yake nema da hannunsa, sannan ya rubuta cewa babu. Baƙin garin gawayi da ake sawa don cire launi shi ma yana riƙe wasu sinadarai masu shimfiɗaɗɗen jiki. Don haka kalmar "ba a samu ba" a takardar gwaji tana buƙatar tambaya daidai da kalmar "an samu".

Daga nan ne tunanin zaɓaɓɓen tsamowa ya taso: a samu abin da zai kama sinadari ɗaya, ko danginsa na kusa, ya saki kowa. Hanya ɗaya ita ce a liƙa sojojin garkuwar jiki, antibodi, a cikin bututu, su cafke homon ɗin da aka horar da su a kansa. Tana kamu sosai, amma tana da tsada, tana son sanyi, kuma ba ta jure sinadaran wanki masu ƙarfi.

Ɗaya hanyar ita ce ta roba mai gurbi, kuma a ganina ita ce mafi dabara a duk wannan fage. Günter Wulff ya fara aiki a kanta a Jamus a farkon shekarun 1970, sannan ƙungiyar Klaus Mosbach a Jami'ar Lund ta Suwidin ta nuna a 1993 cewa irin wannan roba tana iya maye gurbin antibodi a wasu gwaje-gwaje. Ana zuba sinadarin da ake nema, a ce estiradiyol, cikin ƙananan sinadaran gini irin su asid metakirilik, su kewaye shi su riƙe shi ta wuraren da suka dace. Sai a daskarar da komai ya zama roba mai tauri, a niƙa, a wanke estiradiyol ɗin ya fita. Abin da ya rage gari ne mai ɗauke da ramuka daidai girman ƙwayar estiradiyol, da hannayen kamu a daidai inda suke buƙata. Idan ruwan samfur ya ratsa, mai gurbi ya faɗa gurbinsa, saura su wuce. Ba ta tsoron zafi, ba ta tsoron asid, ana iya ajiye ta a kabad, ana iya sake amfani da ita. Wasu ma suna lulluɓa ta a kan ƙananan ƙwayoyin ƙarfe, a zuba cikin ruwan zuma, a jawo su da maganaɗisu.

Kyanta ba ya hana ta aibu, kuma aibunta na farko mai ban tsoro ne ga mai neman nanogiram. Wanki ba ya taɓa fitar da sinadarin ginin gaba ɗaya. Wani yana maƙalewa can cikin robar, ya riƙa tsatsowa a hankali duk lokacin da aka yi amfani da ita. Mutum ya gina da miligiram masu yawa, yana neman kashi ɗaya cikin miliyan na wannan, ko ɗan tsatso kaɗan ya isa ya sa a "samu" estiradiyol a cikin ruwan famfo. Maganin shi ne a gina gurbin da wani ɗan'uwan sinadarin mai kama da shi, wanda na'ura za ta iya bambanta shi idan ya tsatso. Aibu na biyu, ana gina yawancin irin wannan roba a cikin sinadarin narkarwa wanda ba ruwa ba, idan ta shiga ruwa sosai kamunta yakan koma irin na C18, ta kama duk mai maiƙo. Shi ya sa mai aiki da gaskiya yake gina wata robar iri ɗaya ba tare da gurbi ba, ya gwada su tare. Idan kamunsu ya zo daidai, to gurbin suna ne kawai.

An tsamo, saura awo. Nan ma hanya ta rabu biyu. Akwai gwajin antibodi, wanda ya faro daga aikin Rosalyn Yalow da Solomon Berson kan insulin, aikin da ya kai Yalow ga kyautar Nobel a 1977, sai ELISA da Engvall da Perlmann suka fito da shi a 1971. Yana da sauƙi da arha, shi ne a yawancin asibitoci. Amma kayan gwajin da ake sayarwa don jinin mutum aka tsara su, an san me ke cikin jini, an gwada su a kansa. Tsutsar ƙuda kuwa cike take da sinadaran tsirrai masu siffa irin ta homon ɗinmu, antibodi na iya cafke ɗaya daga cikinsu ya ba da lamba. Lambar za ta fito tsaf a allon kwamfuta, har da ɗigo biyu bayanta, alhali wani ne aka kama. Idan ka ga an ce akwai furolaktin a tsutsar ƙuda, homon nono wanda furotin ne da ƙwaƙwalwar dabbobi masu ƙashin baya ke fitarwa, tambayar farko ita ce da me aka auna. Ko da ma akwai shi, furotin ne, ciki narkar da shi zai yi kamar na nama.

Hanya ta biyu ita ce a fara rarrabe sinadaran a dogon bututu, kowa ya fito a lokacinsa, sannan a tura su na'urar da ke auna nauyin ƙwayoyinsu, ta fasa su, ta sake auna gutsattsarin. Ita ce LC-MS/MS. Testosteron yana shiga da nauyi 289, ya fashe ya ba da 97 da 109. Shaida uku ke nan, ga lokacin fitowa na huɗu. Dokar Tarayyar Turai mai lamba 2021/808 ta raba gwajin tantancewa da gwajin tabbatarwa, kuma ga haramtattun sinadarai irin wannan na'ura take buƙata kafin a ce an tabbatar. Duk da haka ita ma ana yaudarar ta. Efitestosteron, wanda kusan ba shi da aikin maza, nauyinsa ɗaya da testosteron kuma gutsattsarinsu ɗaya. Idan bututun bai raba su ba, na'ura za ta haɗa su ta kira su da suna ɗaya. Sannan dattin da ya tsira daga wanki yana gasa da homon a bakin na'urar, ya danne siginarsa, wani lokaci da fiye da rabi.

Nan ne tagwayen nan da aka ɗiga tun farko ke biyan kuɗinsu. Duk abin da ya sami homon na gaskiya a hanya, ya maƙale a kaki, ya zube a wanki, datti ya danne shi, haka ya sami tagwayensa. Na'ura kuma tana bambanta su saboda ɗan nauyin da ya fi. Idan rabin tagwayen ne ya iso, an san rabin na gaskiyar ne ya iso, sai a gyara lissafi. Tagwayen suna da tsada, shi ya sa ake yawan tsallake su, kuma ni rahoton da babu su a ciki nakan karanta lambobinsa ne da ido ɗaya. Bisfenol A kuma yana da tasa fitinar: yana cikin robobin ɗakin gwajin kansa, sai an yi aiki da gilashi, an kuma bi da kwalbar da ba a sa mata samfur ba ta duk matakan, a ga ko ita ma za ta "samu".

Akwai masu cewa a bar neman suna, a duba aiki. Sai su zuba samfurin a kan yis ko ƙwayoyin jiki da aka tanada, su ga ko ƙofar karɓar homon mata za ta buɗe. Masu bincike a Japan sun yi irin wannan da madarar sarauniya a shekarun 2000, suka ga ɗan motsi, suka kuma danganta shi da wasu kitse na madarar, ciki har da 10-HDA, ba da estiradiyol ba. Kamunsu da ƙofar kuma mai rauni ne ƙwarai. Haka labarin kirisin, ɗaya daga sinadaran launin furofolis, yake: a kwalba yana hana testosteron juyawa zuwa homon mata, amma hanji ba ya barin sa ya shiga jini da yawa, kuma wani ƙaramin gwaji da aka yi wa maza a Italiya, aka wallafa a 2003, bai ga canji a testosteron ɗin fitsarinsu ba.

A ɗauka ma an yi komai daidai, an tabbatar da nanogiram 10 na testosteron a kowane giram na madarar sarauniya. Jikin namiji baligi mai lafiya yana yin kimanin miligiram 6 a rana, wato nanogiram miliyan 6. Kafin ya samu wannan daga madarar sai ya sha kilo 600 a rana ɗaya. A ninka abin da ke cikinta sau huɗu, kilo 150 ne. Wannan ma kafin a yi maganar hanta, wadda ke lalata mafi yawan testosteron ɗin da aka haɗiye tun bai zagaya jiki ba. Mai sha kuwa giram ɗaya ko biyu yake lasa. Madarar tana iya yin wani amfani ta wata hanyar, wannan zance ne daban, amma ba ta wannan ƙofar ba.

Saboda haka idan wata zuma cikin leda ta yi wa mutum aiki cikin awa guda, ba ƙuda ya kamata a yaba wa ba. A Yulin 2022 hukumar abinci da magunguna ta Amurka, FDA, ta aika takardun gargaɗi ga kamfanoni huɗu bayan ta samu tadalafil da sildenafil, sinadaran Cialis da Viagra, a cikin zumar da suke sayarwa ba tare da sun rubuta ba. Waɗannan ba homon ba ne, magungunan asibiti ne, kuma ga mai ciwon zuciya da ke shan maganin naitiret suna iya faɗar da hawan jini ƙasa warwas. Irin wannan zuma ta ƙarfin maza ba baƙuwa ba ce a kasuwanninmu da shagunan magani. Abin lura ga mai gwaji shi ne, abin da aka zuba da hannu a matakin miligiram yake, ninki dubbai har miliyan na abin da ƙuda ya kawo, don haka ba ya buƙatar roba mai gurbi ko tagwaye masu tsada kafin a gan shi. Ɗakin gwaji mai matsakaicin kaya zai kama shi, haka ma homon ƙirar masana'anta irin deksametason, wanda aka sha kamawa a magungunan da aka ce na ganye ne a ƙasashe da dama. Idan kuɗin gwaji kaɗan ne, nan ya kamata su fara zuwa.

Inda awon homon na asali ya fi nuna amfaninsa a yau shi ne wajen gane asalin zuma. A 1996 masu bincike suka nuna cewa zumar wani fure na tsaunukan Fotugal tana ɗauke da asid absisik mai yawa, har matakin miligiram a kilo, daga baya aka ga irin haka a zumar wata bishiya ta tsibirin Sardiniya mai ɗaci. Sinadarin ya zama ɗaya daga alamomin da ake duba ko zumar da aka ɗora wa tsada daga furen da aka ce take. Shi ma yana da sharaɗi, haske yana juya masa siffa, sai an ajiye samfur a duhu an kuma auna siffofin biyu. Ita madarar sarauniya da 10-HDA ake tantance ta, ma'aunin ISO 12824 na 2016 ya ce kada ya gaza kashi 1.4 cikin 100. Wanda zai yi irin wannan aiki a kan zumar ɗorawa ko kaɗanya ko gawo ba daga na'ura zai fara ba, daga amya zai fara: a san inda take, a san abin da ya yi fure a watan, a ɗebi zumar ba tare da an ƙona saƙar ba, a sa a gilashi, a rubuta rana, a kuma maimaita a daminar baɗi da bazararta kafin a ce ga alamar wannan bishiya.